Tsarin Labari a Shirye-shiryen Kaboyi na Talabijin

Shirin kaboyi nau'in wasan kwaikwayo ne mai dogon zango da ya yi tashe a gidajen talabijin na Amurka daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Labaransa suna faruwa ne a yammacin ƙasar, galibi tsakanin ƙarshen yaƙin basasa a 1865 da wajen 1890, zamanin koron shanu da shimfiɗa layin dogo da kafa sababbin garuruwa. Abin da ya fi bambanta shi da fim ɗin silima shi ne kowane kashi yana ƙarewa inda ya faro. Rigima za ta shigo gari, a kashe ta, jarumi kuma yana nan yadda yake.

Asali

Yawancin ƙa'idojin shirin gado ne daga rediyo da silima. An fara The Lone Ranger a gidan rediyon WXYZ na Detroit a 1933, ya koma talabijin a 1949. A shekarar ce kuma NBC ta fara nuna Hopalong Cassidy, bayan da ɗan wasa William Boyd ya sayi haƙƙin tsofaffin fina-finansa aka rage musu tsawo. Don yara aka yi waɗannan, shi ya sa jaruminsu ba ya shan giya, ba ya ashar, in ya yi harbi kuma bindigar hannun mugu yakan kakkaɓe. An sha cewa farar hula ta mutumin kirki ce, baƙa ta mugu, amma Boyd kansa baƙaƙen kaya yake sawa.

A watan Satumban 1955 salon ya sauya da fitowar Gunsmoke a CBS, wanda tun 1952 ake jin sa a rediyo. James Arness ya fito a matsayin Matt Dillon, babban ɗan dokan garin Dodge City da ke jihar Kansas, mutumin da yakan kashe, kisan kuma ya dame shi. Shirin ya yi shekara 20 da kashi 635. Zuwa 1959 irin waɗannan shirye-shirye sun kai wajen 30 a jadawalin dare, ko da yake majiyoyi sun ɗan saɓa kan adadin.

Yadda kashi yake tafiya

Akan buɗe da ɗan gajeren lamari kafin sunan shirin ya fito: an tare keken doki a hanya, ko an tsinci gawa a bakin rafi, ko baƙo ya sauka a ƙofar mashaya. Baƙon nan shi ne ƙashin bayan labari. Tunda ba a so jarumi ya canza, baƙon ne ke da tarihi, shi ke da ramuwar gayya ko sirri ko bashin da ya kore shi daga gida, shi ne kuma zai tuba ko ya mutu kafin lokaci ya cika. A Wagon Train, wanda aka fara a 1957, yawancin kashi da sunan baƙon ake kiransa, madugu da mutanensa kuwa aikinsu kai ayari zango na gaba.

Talla ma ta sa hannu a ginin labari. Akan yanke shi daidai inda hankali ya tashi, an ɗora wa jarumi bindiga ko 'yan gari sun taru da igiya za su rataye wanda ba a yi wa shari'a ba, don kada mai kallo ya tashi. Daga nan sai tsere a kan dawaki, musayar wuta a bayan duwatsu, da ɗan taƙaitaccen rufewa mai raha ko nasiha.

Jarumai iri biyu ne. Akwai mazauni, kamar Dillon ko iyalan Cartwright na Bonanza, wanda rigima ke samu har gida. Akwai kuma matafiyi, kamar masu koron shanu na Rawhide, inda Clint Eastwood ya yi suna; matafiyin shi ke zuwa ya tarar da rigimar.

Aure ba ya ɗorewa. Matar da ɗan gidan Cartwright ya so, ko ta mutu ko ta bar gari, shi kansa uban sau uku mata na mutuwa a hannunsa. Dalilin ya fi kusa da kasuwanci: a farkon zamanin akan shirya kashi 39 a shekara, a riƙa maimaita su ba bisa jeri ba, kuma aure ko haihuwa zai ɓata wannan.

Fito-na-fito

Arangamar mutum biyu a tsakiyar titi, kowa hannunsa kusa da kugu, ita ce alamar shirin, da ita ma Gunsmoke ya daɗe yana buɗewa. Ƙa'ida ita ce mugu ya fara zaro bindiga, don kisan ya zama kare kai. Tarihi bai goyi bayan yawanta ba. Masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai 45 ne a garuruwan shanu biyar na Kansas tsakanin 1870 da 1885, Dodge City kuwa a lokacin tana da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari.

Suka da dusashewa

An soki yadda ake nuna ƙabilun asali na Amurka a matsayin mahara ko 'yan rakiya, sau da yawa kuma Turawa ke fitowa a madadinsu. Baƙaƙen fata da 'yan Meziko, waɗanda ke da yawa cikin makiyayan gaske, ba safai ake ganinsu ba. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 an rage harbe-harbe, masu talla kuma suka karkata ga matasan birni. An daina Bonanza a 1973, Gunsmoke a 1975.

A Nijar, Moustapha Alassane ya ari wannan salo a wani fim na 1966, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi da abokinsu ya kawo musu tsaraba daga Amurka.