Bulubari ba ta son ƙasar lambu mai taki da toka

An daɗe ana ɗauka cewa duk shukar da aka ba taki da toka za ta yi ƙiba. Bulubari, ƙaramar itaciyar nan mai 'ya'ya shuɗi-shuɗi da asalinta dazuzzukan Arewacin Amurka ne, ita ce ta ƙaryata wannan. Shekara da shekaru manoma can suna tono ta daga daji su dasa a lambu, su zuba mata taki da farar ƙasa, ta bushe. Har aka yanke cewa ba ta nomuwa.

Masanin tsirrai Frederick Coville ne ya gano bakin zaren wajen 1910: ƙasa mai tsami take so, ma'aunin tsamin ƙasa na pH tsakanin 4.5 da 5.5. Toka kuwa kashe tsamin take yi. Sai saiwar, wadda siririya ce kamar zare, ta kasa jan sinadarin ƙarfe, ganyen ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ke kore. Mai lambu ya ga haka ya ƙara taki, ciwon ya ƙaru.

Da Coville da wata manomiya, Elizabeth White, suka fitar da amfanin farko na kasuwa a jihar New Jersey ta Amurka a 1916. Yau masu lambu farar wuta suke gaurayawa da ƙasar don ƙara mata tsami, watanni kafin dashe.