Mai haɗa gem da kuɗin dare ɗaya: ga amsoshin, kada a sake tambayata

Tunda samarin unguwa suka ji ina koyar da haɗa manhaja, tambayoyin nan nake ta amsawa, a majalisa, a aji, har a gidan biki. Ga su wuri ɗaya.

Da gaske ana kuɗancewa da haɗa gem?

Ana yi. Markus Persson, ɗan Suwidin da ake kira Notch, ya fitar da gem ɗin Minecraft a 2009, a 2014 Microsoft ta sayi kamfaninsa, Mojang, kan dala biliyan 2.5. Amma yawancin gem ɗin da ake ɗorawa a Play Store ko kuɗin data ba sa mayarwa. Ka gama naka tukuna.

To shi Notch ɗin ya samu kwanciyar hankali?

A bakinsa dai, a'a. Ya sayi gida na dala miliyan 70 a Beverly Hills ta Amurka, amma a watan Agusta na 2015 ya rubuta a Twitter cewa bai taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Abokansa suna da aiki da iyali, shi kuwa sai dai ya zauna gaban kwamfuta yana jiran su samu lokacinsa. Ka lura, abin da ya sayar shi ne abin da yake tashi dominsa kowace safiya.

Ai wannan iskancin Turawa ne kawai.

Dong Nguyen ba Bature ba ne. Mutumin Hanoi ne a Biyetnam, shi ya yi Flappy Bird. A farkon 2014 an ruwaito gem ɗin na kawo masa kusan dala 50,000 kullum daga talla, amma a watan Fabrairu ya sauke shi da hannunsa, ya ce ba zai iya jurewa ba, ya lalata masa rayuwarsa mai sauƙi. Kafin ka ce masa wawa, ka gwada 'yan jarida a ƙofar gidan iyayenka, kamar yadda aka yi masa.

Wace kwamfuta zan saya?

Wadda kake da ita. Godot, manhajar haɗa gem, kyauta ce. Matsalarka wutar lantarki ce da rashin zama, ba kwamfuta ba.

Idan Allah ya sa nawa ya karɓu ina nan Kano, in faɗa wa gida? In bar aiki? In aka taya in sayar?

Yauwa, wannan ce tambaya, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Abin da ya dami Notch rashin mutane ne. Kai naka akasin haka ne: mutane za su yi maka yawa. Kawu da kuɗin asibiti, gwaggo da kayan ɗakin 'yarta, abokin firamare mai neman jari a Kantin Kwari, kuma kusan duk buƙatunsu na gaskiya ne, shi ne abin da ke sa "babu" ta yi nauyi a baki. Iyaye dai ban ga hanyar ɓoye musu ba, ban kuma ba da shawarar haka ba. Sauran dangi, ya danganta da irin gidanku. Wasu gidajen in an faɗa wa mutum ɗaya an faɗa wa unguwa. Abin da na ga yana aiki shi ne ka ware wani kaso na taimako tun farko, ka damƙa rabonsa ga babba ɗaya da ake jin maganarsa, don kada kowace sallama ta zama ciniki. Ko wannan ma ba ya hana ƙorafi, yana dai rage shi.

Barin aiki kuwa, ka dakata. Kuɗin gem kamar ruwan Agusta yake, ya sauko da ƙarfi, kafin ka gyara randa ya ɗauke. Kuma adadin da kake gani a allo ba shi ne naka ba: Google mai Play Store na cire kashi 15 cikin ɗari a dala miliyan ɗaya ta farko a shekara, Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta, na farawa da kashi 30, ga haraji. In dala ce ke shigowa, kada zumuɗi ya kai ka Wapa ka canza duka rana ɗaya. Wanda ya yi haka kafin watan Yuni na 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya ga ta haura 1,500 a farkon 2024. Ba ina cewa kullum haka za ta yi ba, tana iya juyawa.

Sayarwa ita ce mafi wuya. In gem ɗin ya zame maka ƙaya, saƙonnin zagi da buƙatun 'yan wasa sun hana ka barci, sayarwa hutu ce, kuma Notch ma ya ce don lafiyar hankalinsa ya sayar. In kuwa aikin ne daɗinka, ka dubi Eric Barone: shi kaɗai ya shafe fiye da shekara huɗu yana gina Stardew Valley, ya fito a 2016, ya sayar da miliyoyi, ya ci gaba da ƙara masa abubuwa kyauta shekara da shekaru. Kowanne ka zaɓa, kada ka sa hannu a takarda sai lauya ya karanta, lauyanka, ba nasu ba.

Akwai zakka a kai?

Kuɗi ne ko ba kuɗi ba? In sun kai nisabi, suka shekara, kashi 2.5 cikin ɗari. Sauran bayani wurin malaminka.

Wato kana nufin talauci ya fi?

Haba ɗan'uwa, a ina na ce haka? Wanda ya biya kuɗin haya, ya sa sola, ya kai mahaifiyarsa Umara, ya samu sauƙi na gaske, kada wani mai ƙoshi ya ruɗe ka. Kuɗi na maganin abin da rashin kuɗi ya jawo. Wanda bai iya zama da mutane ba kafin su zo, haka zai kasance a Nasarawa GRA, sai dai katangar ta fi tsawo.

Nawa kai ka samu?

Ba ruwanka.