Waiwaye: Yadda labari ke juya hankalin iyaye kan lafiyar 'ya'yansu

A shekarar 1802 wani zanen barkwanci ya zagaye birnin Landan. An zana ɗakin likita cike da mutanen da aka yi wa tsagar rigakafin agana, sai ga 'yan ƙananan shanu suna ɓullowa daga jikinsu, wannan ta hanci, wancan ta hannu, wani kuma ƙahoni sun tsiro masa a ka. Shekara 6 ke nan da Edward Jenner ya ɗebi ruwan ƙurjin da wata mai tatsar shanu ta kamu da shi, ya shafa a tsagar da ya yi wa yaro ɗan shekara 8, ya nuna cewa hakan na kare mutum daga agana. Mai zanen, James Gillray, raha yake yi, har ma ana ganin masu tsoron ne yake wa shaguɓe. Amma hoton ya fi manufarsa tsawon rai. Da gwamnatin Ingila ta wajabta yi wa jarirai rigakafin a 1853, ƙasidu da jaridun masu adawa suka yawaita, har a 1885 dubun dubatar mutane suka yi zanga-zanga a birnin Leicester ɗauke da akwatin gawar yaro.

Tun daga lokacin dabarar ba ta sauya sosai ba. Duk mai son ya juya ra'ayin jama'a kan lafiyar yara, da gaskiya ya zo ko da ƙarya, fuskar yaro ɗaya yake nema da hawayen uwa ɗaya. Alƙaluma sai daga baya.

'Yan kasuwa ne suka fara cin moriyar wannan. A ƙarni na 19 jaridun Amurka da Ingila cike suke da tallar wani ruwan magani mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup, da hoton uwa cikin kwanciyar hankali da jaririnta yana barci. An ce yana lafar da kukan haƙori. Yana lafarwa kuwa, domin mofin ne a ciki, kuma jarirai da dama sun yi barcin da ba su farka ba. Jaridun da ke samun kuɗin tallar ba su ce uffan ba, sai a 1905 mujallar Collier's ta shiga fallasa magungunan bogi ɗaya bayan ɗaya, a 1906 aka yi dokar da ta tilasta rubuta irin waɗannan sinadarai a jikin kwalba. A 1937 wani ruwan magani da aka narkar a sinadarin diethylene glycol ya kashe mutum sama da 100 a Amurka, da yawansu yara. Wata uwa ta rubuta wa Shugaba Roosevelt wasiƙa ta haɗa da hoton 'yarta da ta mutu. Shekara na zagayowa aka yi dokar da ta ce sai an tabbatar magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Abin takaici, wannan sinadarin dai shi ne ya kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin daga ƙarshen 2008, irinsa kuma ya kashe kusan 70 a Gambiya da sama da 200 a Indonusiya a 2022. Labari na iya haifar da doka a ƙasa ɗaya, amma ba ya bin kwalba zuwa inda babu mai duba ta.

Wanda ya mayar da fuskar yaro cikakkiyar sana'a shi ne yaƙin shan inna na Amurka. Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa suka shanye, ya kafa gidauniya a 1938, wani ɗan wasan barkwanci mai suna Eddie Cantor ya hau rediyo ya roƙi kowa ya aika da kwabo goma zuwa fadar White House. Wasiƙu suka cika fadar har ma'aikata suka rasa inda za su sa ƙafa. Daga 1946 aka fara buga hoton yaro ɗaya kowace shekara, da sandunan dogarawa da ƙarfe a ƙafa, yana murmushi. Shan inna ba ita ce cutar da ta fi kashe yaran Amurka a lokacin ba, ko kusa. A 1952, shekarar da ta fi muni, ta kama kusan mutum 58,000 ta kashe sama da 3,000. Sai dai ita ce aka fi tsoro, saboda ana ganin ɓarnarta da ido. Kuɗin da hotunan suka tara su suka biya gwajin 1954 da ya shafi yara miliyan 1.8, kuma ranar 12 ga Afrilu, 1955 aka sanar cewa allurar Jonas Salk na aiki. Makonni kaɗan bayan haka aka gano cewa wani kashi na allurar da kamfanin Cutter ya haɗa na ɗauke da ƙwayar cutar da ranta: yara kusan 200 suka shanye, 10 suka mutu. An dakatar, an gyara, an ci gaba, iyaye kuma suka koma layi. Dalili a bayyane yake. Kowa ya san ɗan maƙwabcin da ke jan ƙafa.

Wannan shi ne abin da ke ɓacewa idan rigakafi ya yi nasara. Cutar ta tafi, tsoronta ya bi ta, aka bar allurar ita kaɗai a fili. A tsakiyar shekarun 1970 gidajen talbijin da jaridun Birtaniya suka yi ta nuna yaran da aka ce allurar tarin shiƙa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Adadin yaran da ake yi wa ita ya faɗo daga kashi 77 cikin 100 zuwa kashi 31, tarin ya dawo ya kama dubun dubata. Ba wai mutane sun rasa dalilin zargi ba ne. Ba a jima ba da ganin jarirai sama da 10,000 a faɗin duniya da aka haifa da guntayen hannuwa da ƙafafu saboda ƙwayar thalidomide da aka ba uwayensu don laulayin ciki, kuma sai da jaridar Sunday Times ta tashi tsaye kan lamarin kafin iyalan Birtaniya su samu diyyar kirki. Wanda ya ga wannan, ba za a ce masa ya yi shiru idan likita ya ce “babu komai” ba.

A kan wannan tabon ne Andrew Wakefield ya zo ya taka. A Fabrairun 1998 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahotonsa kan yara 12 kacal. Rahoton kansa bai tabbatar da cewa allurar MMR, wadda ta haɗa rigakafin ƙyanda da na wasu cututtuka biyu, na jawo lalurar galahanga ba. A taron manema labarai ne ya ce gara a raba allurar kashi-kashi. Nan ne nake ganin aikin jarida ya fi yin tuntuɓe, kuma da sunan adalci ya yi shi. Ƙa'idar “a ji ta bakin kowane ɓangare” ta sa a zaunar da likita ɗaya a gefe, a zaunar da wakilin dubban likitoci a ɗaya gefen, a ba su minti daidai wa daida. Mai kallo sai ya ɗauka masana sun rabu gida biyu. A gefe guda uwa ce ke cewa ɗanta lafiya lau yake har ranar allura; a ɗaya gefen wani mutum ne cikin kwat yana karanto kaso. A 2001 jaridu suka bar batun kimiyya suka koma tambayar ko Firayim Minista Tony Blair ya yi wa ƙaramin ɗansa allurar. A 2002 wani bincike a Denmark kan yara sama da 500,000 ya nuna babu alaƙa, amma bai samu rabin shafukan da yara 12 suka samu ba. Rigakafin ya sauko daga kusan kashi 92 zuwa wajen 80. Ɗan jarida ne dai, Brian Deer, ya tono a 2004 cewa lauyoyin da ke shirin kai masu haɗa allurar ƙara suna biyan Wakefield kuɗi. Sai a 2010 Lancet ta janye rahoton aka kuma soke lasisinsa, shekara 12 bayan aikin gama ya gama.

Jita-jita ba ta kama ƙasa sai ta samu wata gaskiya da za ta jingina da ita. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna sun dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin an gurɓata shi da sinadarin hana haihuwa. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, amma mutane na tuna 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, 11 daga cikin yaran gwajin suka mutu, aka kuma shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu. Kafin Kano ta dawo da ɗigon a Yulin 2004, da wanda aka sayo daga Indonusiya, cutar ta kama hanya, daga baya ta ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin ba sanarwar rediyo kaɗai ba ce. Sarakuna da malamai ne suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, waɗanda cutar ta shanye kuma suka shiga gida-gida suna nuna ƙafafunsu. A Pakistan ma jita-jita ta samu abin jingina: bayan an gano a 2011 cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin bogi wajen neman Osama bin Laden, ma'aikatan shan inna suka zama abin hari. A Afrilun 2019 wani bidiyo da aka nuna ana umartar yara su kwanta kamar sun suma ya bazu a wayoyi, iyaye suka kwashi yara sama da 25,000 zuwa asibitocin Peshawar da kewaye, aka kuma ƙona wata cibiyar lafiya. A Samoa, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, jarirai 2 ne suka mutu a 2018 saboda ma'aikatan jinya sun haɗa allura da wani magani bisa kuskure. Shafukan Facebook suka ɗora laifin kan allurar, a 2019 ƙyanda ta kashe mutum 83, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara 5.

Wuƙar nan kuwa baki biyu gare ta, ba za a ce a jefar da ita ba. Da mai gabatar da shirin talbijin Anne Diamond ta rasa jaririnta a cikin barci a 1991, ta jagoranci kiran a riƙa kwantar da jarirai rigingine ba rubda-ciki ba, irin wannan mutuwar ta ragu da fiye da rabi a Birtaniya cikin 'yan shekaru. Hotunan jarirai ƙanjamammu kusa da kwalbar madara, da labarin 'yan talla masu sa kayan nas suna bi ɗakunan haihuwa, su suka kai ga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 1981 kan tallar madarar gwangwani, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi.

Matsalar ita ce abin da ba shi da fuska. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta ragu daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa miliyan 4.9 a 2022, kuma waɗanda ke mutuwa har yanzu yawanci haihuwar bakwaini ce, da limoniya, da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro ke ɗauke su. Limoniya kaɗai ta kashe yara sama da 700,000 a 2019. Babu kamfanin da za a zarga, babu bidiyon da zai girgiza kowa, don haka ba ta hawa shafin farko. Gubar dalma ta fi kowace ɓuya, domin yaron da ta rage wa kaifin ƙwaƙwalwa ba ya kama da marar lafiya. A 1924 ma'aikata 5 sun haukace sun mutu a wata matatar mai ta New Jersey inda ake haɗa sinadarin dalmar da ake zubawa a fetur. Jaridu suka yi ca, kamfanoni suka kira taro, wanda ya gano amfanin sinadarin a fetur ya wanke hannunsa da shi a gaban 'yan jarida, maganar ta lafa. Sai a 1979 likitan yara Herbert Needleman ya tattara haƙoran da suka fita daga bakin 'yan makaranta, ya nuna cewa masu dalma da yawa a haƙori sun fi baya a gwajin basira. Ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma, Aljeriya, ta yi hakan ne a 2021. Shekara guda kafin nan rahoton UNICEF ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, wato kusan miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini fiye da ƙima, daga fenti, da tsofaffin batura, da ƙurar haƙar ma'adinai.