Auna Tasirin Gidajen Rainon Yara na Unguwa

Gidan raino na unguwa tsari ne da ake zaɓar wata mace daga cikin jama'a, a ba ta ɗan horo da kayan abinci da alawus, ita kuma ta riƙa kula da ƙananan yaran maƙwabta a gidanta yayin da iyayensu suka fita neman abinci. Tsarin ya fi yaɗuwa a Latin Amurka. Hukumar kula da walwalar iyali ta Kolombiya, wato ICBF, ta ɓullo da shirin Hogares Comunitarios a 1986, inda mace ɗaya kan kula da yaran da ba su wuce 15 ba, Gwatemala ta kafa nata a 1991, Peru kuma ta fara nata mai suna Wawa Wasi a 1993.

Masu bincike kan auna tsawo da nauyin yaro gwargwadon shekarunsa don gano tsumburewa, su lura da abin da yake ci da yawan rashin lafiyarsa, sannan su jarraba fahimtarsa da maganarsa da zamansa da sauran yara. Ana kuma duba ko shirin ya ba uwa damar fita aiki.

Wahalar aikin tana wajen kwatance. Ba ƙuri'a ake jefawa kafin a shigar da yaro ba, iyaye ne ke kai shi, kuma sau da yawa waɗanda suka fi talauci ne ke kaiwa. Idan aka auna yaran gidan raino da na waje kai tsaye, sai a ga kamar shirin bai tsinana komai ba, alhali tun farko yaran nan a baya suke. Don kauce wa wannan, masu bincike Orazio Attanasio da Marcos Vera-Hernández sun yi amfani da nisan da ke tsakanin gidan iyali da gidan raino mafi kusa a karkarar Kolombiya, domin nisa yana hana zuwa ko da iyaye suna so, kuma sun gano cewa shirin ya ƙara wa yara tsawo. A Bolibiya, Behrman da Cheng da Todd sun kwatanta yaran da suka daɗe a shirin gidajen raino na ƙasar mai suna PIDI da sababbin shiga, suka ga cewa amfanin ba ya fitowa sai yaro ya kai wata 7 a ciki. Raquel Bernal da Camila Fernández ma sun sami ci gaban fahimta ga yaran Kolombiya da suka yi aƙalla wata 15.

Ita kanta mai rainon abar aunawa ce, ko da yake ba kasafai alƙaluma ke nuna ta ba. A binciken da cibiyar nazarin manufofin abinci ta duniya, wato IFPRI, ta yi a birnin Gwatemala, an zauna cikin gidajen ana auna abincin da ke kwanon kowane yaro, aka tabbatar cewa cinsu ya inganta, amma girki da share-share suna cinye lokacin mai raino har kaɗan ne yake rage mata na wasa da koyarwa.