Firgicin Sararin Samaniya a Adabin Yara

Firgicin sararin samaniya salo ne na labarin ban tsoro wanda bai dogara da dodo ko fatalwa ba. Abin da ke razana mai karatu shi ne gano cewa halitta ta fi ƙarfin hankalin ɗan'adam, kuma akwai wasu abubuwa masu girma da ko sanin zamansa ba su yi ba. An fi danganta salon da marubucin Amurka H. P. Lovecraft (1890–1937), wanda labarinsa The Call of Cthulhu ya fito a mujallar Weird Tales a 1928. Manya ya rubuta wa, kuma jarumansa sukan ƙare da haukacewa ko mutuwa.

Marubutan yara sun riƙe girman barazanar, suka ajiye yanke ƙauna. A littafin Madeleine L'Engle, A Wrinkle in Time (1962), wani baƙin duhu ne ke lulluɓe duniyoyi, amma yarinya Meg ta ƙwato ƙaninta da ƙaunar da take masa. John Bellairs kuwa, a The House with a Clock in Its Walls (1973), ya shigo da tashin duniya cikin gida: maraya Lewis yana kwance da dare yana jin ƙarar agogon da wani matsafi ya ɓoye a bango, ba a ganinsa, ba a san sa'ar da zai buga ba.

Yawancin irin waɗannan littattafai ana yi wa 'yan shekara 8 zuwa 12 ne. Dabarar ita ce a nuna gefen abin kawai, sauti ko inuwa ko ƙofar da jiya babu ita, sannan a bar wa yaro wurin fakewa da wani ɗan aiki da hannunsa zai iya. Inda ake yin kuskure shi ne bayani. Da zarar an faɗi sunan abin da siffarsa da inda lagonsa yake, ya zama dodon da aka saba. In kuma aka toshe kowace mafita, yaro zai rufe littafi da fargabar da ba shi da yadda zai yi da ita.

Akwai gadon da dole a tace. Tsoron Lovecraft ya cakuɗe da ƙyamar baƙi da wariyar launin fata, kuma marubucin da ya kwafi siffofinsa ido rufe zai iya koya wa yara tsoron mutanen da ba su yi kama da su ba.