Dokar sayar da antibayotik: ba uwar yaro ake farauta ba

Duk lokacin da jami'ai suka zagayo Kaduna suka garƙame wasu shagunan kemis, sai magana ta cika unguwanni. Wata ta ce an hana sayar da maganin yara kwata-kwata. Wani ya ce wanda aka kama da kwalbar antibayotik ɗin Amoxil a ɗakinsa, sai ya kwana a ofishin 'yan sanda. A gidan suna a Tudun Wada na ji wata baiwar Allah tana faɗin yadda ta tuttular da sauran maganin da aka rubuta wa ɗanta, kwana biyu kacal da farawa, don tsoron bincike. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin jita-jita ta sa ta yi abin da ya fi cutar da yaron.

Dokoki biyu ne mutane ke cakuɗawa. Ta farko ita ce ta PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, wadda aka sabunta a 2022. Ita ke ba da lasisi ga famasi da masu kemis, ta kuma ware wa masu kemis jerin magungunan da za su iya sayarwa. Yawancin antibayotik ba sa cikin jerin, nasu sai a famasi, kuma da takarda. Ta biyu ita ce dokar 1999 kan jabun magunguna, wadda hukumar NAFDAC ke aiki da ita.

Wannan ta biyun ce ke ɗauke da hukuncin da ake ta tsorata mutane da shi, don haka mu tsaya a kanta. Ta haramta talla ko kasa magani a kasuwa, tasha, bakin titi, cikin mota, ko duk wurin da ba shi da rajista. Wanda ya yi haka, tara ce da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka biyun. Mai harkar jabun magani kuwa, ɗaurinsa daga shekara 5 ne zuwa 15. Duba da kyau, duk maganar a kan mai sayarwa take, da wurin da yake sayarwa. Mai tire a kai da ke yawo da kafso cikin rana a tashar mota, shi dokar ke nufi. Uwar da ta karɓo magani da takardar asibiti ta ajiye a gida ba ta aikata laifin komai ba. Ni a ganina ma tarar ta yi kaɗan, don dubu ɗari biyar ta 1999 ba ita ce ta yau ba.

Sai batun takarda, inda aka fi ruɗewa. Ba dole sai ka ga babban likita a asibitin koyarwa na Barau Dikko ba. Ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku yana da hurumin duba yaro ya rubuta masa magani bisa ƙa'idar aikinsa. Amfanin takardar shi ne wani ya ga yaron da idonsa, ya ɗora shi a sikeli. Da nauyi ake auna maganin yara. Cokalin da ya dace da ɗan shekara huɗu ya yi wa ɗan wata takwas yawa.

Kuma sau da yawa yaron ba ya ma buƙatarsa. Mura, da mafi yawan tarin lokacin hunturu, ƙwayar bairos ce ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa ta. Gudawar da babu jini a cikinta, ruwan gishiri da sukari take so, da zinc. Amma har gobe za ka ga an ɓare kafson tetracycline mai ja da rawaya an zazzage garin a kunu, wai haƙori ne ke damun yaro. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 8 wannan magani, yana ɓata haƙoran da ke tsirowa. Haka ɗiga wa jariri Ampiclox don kawai an haife shi. Duk shan da ba dalili yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ciwon gaske ya zo sai a ba da shi ya ƙi ci.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. A lungunan Rigasa, ƙarfe goma na dare, mai kemis shi ne likita, shi ne kuma mai ba da bashi. Rufe masa shago ba tare da an samar da asibitin da ke buɗe ba, talaka ne zai ɗanɗana. Wannan hakki ne a wuyan gwamnati. Sai dai bai sa ƙirga kafso huɗu a leda ya zama magani ba.

Idan an rubuta wa yaronki na gari a kwalba, ki zuba tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin da ke jiki, ki girgiza kafin kowane sha, ki auna da murfin awo ko sirinjin da ya zo da shi. Ki cika kwanakin da aka ce ko da ya tashi yana wasa, abin da ya rage kuma kada a ajiye wa ƙanensa. Ƙuraje suka feso ko fuska ta kumbura, ki tsayar ki koma asibiti nan take. In tari ne, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashi na minti ɗaya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, da zarar jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, a wuce da shi asibiti ko da tsakar dare ne.