Waiwaye: Me ke rufe hanyar ƙaba a jikin jariri?

Uwa ce ke fara gani, galibi wajen wanka. Yaro ya tsala kuka, sai wani kumburi ya taso a matsematsinsa, wani lokacin har ya gangara cikin maraina. Ya yi barci, kumburin ya ɓace kamar ba a yi ba. Ƙabar yara ke nan, kuma ba irin ta dattijon da jikinsa ya saki saboda ɗaukar kaya ba ce. A jikin yaro babu abin da ya yage. Wata 'yar hanya ce da aka haife shi da ita ta ƙi rufewa, hanji ya samu ƙofa.

Asalin hanyar tafiyar 'ya'yan maraina ce. A cikin cikin ɗan tayi ake halittarsu, can kusa da ƙoda, sannan su sauko tsakanin mako na 25 da na 35 na juna biyu. Tantanin da ya lulluɓe cikin ciki yana zurowa gabansu kamar yatsan safar hannu, likitoci na kiransa processus vaginalis. Idan an gama sauka, ya kamata bakin ya manne. In ya tsaya a buɗe da faɗi, ƙaba. In siriri ne ruwa kawai ke bi, sai marainan su cika da ruwa. Shi ya sa bakwaini ya fi kamuwa, kuma ɓangaren dama ya fi yawa, wajen kashi 60 cikin 100, domin ɗan marainan dama ne ke makarar sauka. 'Yan mata ma suna da irin hanyar, wadda Anton Nuck na ƙasar Holan ya bayyana a 1691, sai dai maza sun ninka su sau da yawa.

Tun a 1762 wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, John Hunter, ya gano wata igiya da ke jan ragamar saukar, ya raɗa mata suna gubernaculum, wato matuƙi. Daga nan aka shafe kusan shekara 200 ana sanin hanya ba a san mai ba da umarni ba. Likitocin tiyata ba su jira ba: kafin ƙarshen ƙarni na 19 sun gane cewa ɗaure wuyan jakar ƙaba, wato hanyar nan da ta ƙi rufewa, daga can sama ya wadatar a jikin yaro.

A 1948 wani mai bincike, Lewis, ya yanke wata jijiyar laka da ke ratsa matsematsi a jikin jariran ɓeraye, sai 'ya'yan marainansu suka ƙi sauka. Abin ya kwanta a takarda har shekarun 1980, lokacin da John Hutson, likitan tiyatar yara a Melbon ta Ostareliya, ya tono shi. A 1985 ya ce saukar zango biyu ce. Zangon farko, daga ƙoda zuwa bakin matsematsi, ba sinadarin maza ke tafiyar da shi ba. Sai a 1999 aka tabbatar a jikin ɓeraye cewa wani sinadari mai suna INSL3 ne ke kumbura igiyar ta riƙe ɗan maraina a ƙasa. Zango na biyu kuwa na sinadarin maza ne, amma a ganin Hutson ba kai tsaye yake aiki ba. Jijiyar nan da Lewis ya yanke yake aika, ita kuma ta tsartar da wani ɗan saƙo mai suna CGRP, wanda aka gano a 1982, igiyar ta bi shi har cikin maraina.

Nan ne maganar ta zo kan ƙaba. Hutson da abokan aikinsa suka ce, in wannan saƙo ne ya buɗe tafiya, wataƙila shi ne mai rufe ƙofa bayan an wuce. Suka riƙa karɓar jakunkunan ƙabar da aka yanko daga yara a ɗakin tiyata, abin da dā zubarwa ake yi, suna ajiye gutsattsarin cikin 'yan faranti da ruwan rainon ƙwayoyin jiki. Wanda aka ɗiga wa CGRP, sai santsin cikinsa ya gushe: ƙwayoyin da ke shimfiɗe kamar tayil suka bar sahunsu, suka sauya siffa, gefe biyu suka haɗe. A shekara ta 2000 suka bayar da rahoton cewa wani sinadarin girma, HGF, yana yin haka shi ma, kuma alamu sun nuna CGRP na taɓa ƙwayoyin da ke ƙarƙashi ne, su kuma su saki HGF.

A Ankara ta Turkiyya, Cahit Tanyel na Jami'ar Hacettepe ya kalli abin ta wata fuskar. Ya tarar da siraran tsokoki a bangon jakar ƙaba, da yawa a ta ƙaba, kaɗan a ta ruwan maraina. A wurinsa, tsokar aikinta tura ɗan maraina, sannan ta mutu bisa tsarin da jiki ya shata mata. In ta ƙi mutuwa, hanya ta zauna a buɗe. Ni dai ban ga abin da zai hana bayanan biyu zama gaskiya tare ba, ɗaya na maganar tantani, ɗaya na maganar tsoka.

Burin Hutson shi ne wata rana a yi wa jariri allura hanyar ta manne ba tare da wuƙa ba. Fiye da shekara 20 ke nan, maganar ba ta wuce faranti da dabbobin gwaji ba. Kada kuma a haɗa ƙabar matsematsi da cibin da ke turowa, wanda yawanci yakan koma da kansa kafin yaro ya kai shekara 5. Ƙabar matsematsi ba ta warkewa da kanta, kuma a watannin farko ne hanji ya fi saurin maƙalewa. Kumburin da ya yi tauri ya ƙi shiga, ga amai ga kuka ba ƙaƙƙautawa, asibiti ake nufa a daren, ba a jiran gari ya waye.